Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sakataren Tsaron Birtaniya Kan Jiragen Yaƙi Na Type 45

Mai girma Sakatare,

Barka da aiki. Ni mazaunin Portsmouth ne mai biyan haraji, kuma idan na hau jirgin fito zuwa Gosport nakan hangi abin da kuɗinmu ya saya yana ɗaure a bakin ruwa.

Kun san labarin, amma bari in tuna muku. Jiragen ruwan yaƙi 12 aka ce za a ƙera, aka rage zuwa 8, aka dire a kan 6, kowanne ya lashe kusan fam biliyan ɗaya. Aka yi ta kirari cewa makamansu na Sea Viper za su kakkaɓo duk abin da ya taso ta sama. To, injin fa?

A shekarar 2000 ne Geoff Hoon, lokacin yana kan kujerar nan taku, ya zaɓi injin WR-21 na Rolls-Royce, wanda bai taɓa aiki a wani jirgin yaƙi ba, ya bar na General Electric da rundunoni da dama suka daɗe suna mora. Sai na'urar sanyaya iskar injin ta zo da tangarɗa. Ga shi kuma wutar lantarki ɗaya ce ke tura jirgin, ita ke kunna na'urar hango abokan gaba, ita ke riƙe da makamai. Injin na shaƙewa, sai duhu. Mu da muka taso a inda ɗauke wuta ba labari ba ne, ba mu taɓa zaton za mu tarar da ita a cikin jirgin fam biliyan ɗaya ba. A 2016 aka shaida wa kwamitin tsaro na majalisa cewa zafin Tekun Fasha ne ke wahalar da injinan. Ikon Allah! Ashe ba a san can da zafi ba sai da aka je?

A 2018 ma'aikatarku ta ba da kwangilar fam miliyan 160 don a huda cikin jiragen, a cire janareta biyu a sa uku manya. Madalla. Amma a watan Yulin 2021, Defender kaɗai ke bakin aiki cikin shidan. Shi kuwa Daring, babban wansu da ya shiga aiki a 2009, an ɗaure shi a 2017, zuwa 2025 ya haura kwana 3,000 bai koma aiki ba, wato zamansa ya kai tsawon aikin da ya yi.

Abin da ke ci mini rai shi ne jiragen ba na banza ba ne. Ɗaya daga cikinsu, Diamond, ya harbo jirage marasa matuƙa na 'yan Huthi a Bahar Maliya a Disambar 2023 da Janairun 2024, a Afrilun 2024 kuma ya kakkaɓo makami mai linzami. Matasan da ke cikinsa sun sauke nasu nauyin. Don Allah kada a sake tura su gaban wuta da injin da ba a amince da shi ba.

Akwai batun ƙarancin ma'aikata, akwai na Type 83 da aka ce zai gaje su, wanda har yanzu yana kan takarda. Na bar su sai wani jiƙon.

An yi alƙawarin kammala gyaran duka shidan nan da 2028. Ku tsaya gaban majalisa ku faɗi jirgi nawa aka gama, nawa suka rage, da watan da kowanne zai koma teku.

Naku,
Wani mazaunin Portsmouth