Tashar labaran kasuwanci: ta wa ce, kuma kasuwar wa take faɗa?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ke cina tun bayan kaka.

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Gumel, riɗi nake yi da zoɓo da ɗan geron ci, in rani ya yi kuma ina taɓa saye da sayarwa. Ɗan yayana yana da shagon cajin waya a bakin titi, ya sa sola ya ɗaura dish, toh in ba ranar ƙwallo ba ce nan muke zama a benci bayan la'asar. Rannan yana ta latse-latse sai ya faɗa wata tasha wai ita CNBC Africa, mutane cikin kwat suna ta zuba, a ƙasan allon kuma ga lambobi na gudu kamar jerin tururuwa, wasu kore wasu ja. Mai shayin gefenmu ya leƙo ya ce "kai yaro canza mana, su waɗannan ko dariya ba sa yi", na ce a'a a bar ta tukuna, don na ji an ambaci naira da dala. Turancin nawa na sakandare ne, amma in maganar kuɗi ake kunnena ba ya kuskure.

Daga ranar na matsa wa yaron sai da ya binciko min asalinta. Ashe uwarta CNBC a Amurka take, an buɗe ta 17 ga Afrilu 1989, haɗin gwiwar gidan talabijin na NBC da wani kamfani Cablevision. Kafin ita akwai wata tashar labaran kuɗi FNN tun 1981 wadda ta fi ta shiga gidaje ma, sai FNN ɗin ta karye a 1991, CNBC ta saye ta a kan sama da dala miliyan 150 ta haɗiye. Ka ji fa, tashar da aikinta koya wa mutane riƙon kuɗi ita ma bashi ya kayar da ita.

Amma inda na fi tsayawa shi ne wa ke da CNBC ɗin. Shekara da shekaru NBC tana hannun General Electric ne, masu ƙera injin jirgin sama da injinan wutar lantarki, wato kullum tashar sai ta faɗi ko hannun jarin ubangidanta ya hau ko ya sauka, kai kana ganin bakin mai karanta labarin ba zai ɗan yi nauyi ba? A 2011 wani kamfani Comcast ya karɓi kaso mafi tsoka na NBC, 2013 ya ƙarasa saye, ƙarshen 2024 kuma suka ce za su ware CNBC da wasu tashoshi a zuba su a sabon kamfani, shi ne aka sa wa suna Versant. Ana ta miƙa ta hannu hannu kamar saniya a kara. Kishiyarta Bloomberg ita tun 1994 sunan mai ita take amsawa, Michael Bloomberg, wanda ya yi magajin garin New York daga 2002 zuwa 2013, kuma da ya fito neman shugaban ƙasa gabanin zaɓen 2020 gidan labaran nasa da bakinsu suka ce ba za su yi binciken tono a kansa ba, har da abokan takararsa na jam'iyya ɗaya. Ni ban ga laifinsu sosai ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, aƙalla su sun fito sun faɗa.

Ita ta Afirkan a 2007 ta fara daga Johannesburg, kuma ba Amurkawan ne da ita kai tsaye ba, wani kamfani ne Africa Business News na su Rakesh Wahi da Zafar Siddiqi ya karɓi izinin amfani da sunan, suna da ofis a Legas.

Shirye-shiryen uwar ta Amurka kuwa a kan agogon kasuwa aka gina su. Da safe kafin a buɗe akwai Squawk Box, in za a tashi akwai Closing Bell, har ƙararrawa ake bugawa. Yaron ya nuna min wani a waya, Mad Money, na wani mai sanƙo Jim Cramer da ya fara tun 2005, ya naɗe hannun riga yana ihu yana danna maɓallai wai saya saya, sayar sayar, wallahi sak ɗan gwanjo a kasuwar ƙauye. Shi ne a watan Maris 2008 ya ce wa wani mai kallo kada ya cire kuɗinsa daga Bear Stearns, kwana kaɗan bankin ya durƙushe.

Toh Malam Edita ga inda gizo ke saƙar. Na yi yammaci da yawa a gaban allon nan, na ji Dangote Cement, na ji MTN, na ji ɗanyen mai da zinare, amma ni dai ban taɓa cin karo da farashin buhun riɗi a Maigatari ba. Alhali riɗin nan namu har Japan da Turkiyya yake zuwa, zoɓon kuma Mexico, da dala ake sayensu, tun da aka saki naira a Yunin 2023 duk motsin da dala ta yi sai ya taɓa buhuna, sai dai labarin ya riga ni isa kunnen wani. Bara wani dillali ya zo har masussuka da motarsa, da fara'arsa da "Baba ya gajiya", ya rantse min kasuwa ta faɗi a Dawanau, ni kuma ga bashin taki ga bikin 'yata ya matso, na sallama masa. Ba a rufa kwana goma ba na ji abin da ake sayarwa, ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ba wai ya fi ni wayo ba ne, waya ɗaya aka yi masa wadda ni ba wanda zai yi min.

Shi ya sa nake kira ga su Arewa24 da Trust TV da ARTV da Freedom Radio da Rediyo Jigawa, ba sai an buɗe tasha sukutum ba, ko rabin awa kullum ya isa, da Hausa, a tura wakili cikin kasuwa ya tsaya a gaban ma'auni. Alhamis a ce mana Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Gujungu, Dawanau kuma kullum, nawa tiya nawa buhu, nawa taki, nawa sefa, nawa dala a Wapa. A sa a rediyo ma don mu nan rediyo ce ke zuwa gona.

Sai dai fa sharaɗina ɗaya, a riƙa faɗa mana wa ya ɗauki nauyin shirin, farko da ƙarshe. Don in babban ɗan kasuwar hatsi ne mai sito cike, na san da kaka zai ce kasuwa ta mutu, da bazara ya ce ta tashi, in kuma gwamnati ce kullum sai mu ji kaya sun yi sauƙi ko da kwanon gero ya gagari talaka. Ko mai karanta farashin ma a tambaye shi ko yana da buhuna a ajiye.

Yanzu haka ina da buhu shida na zoɓo a ɗaki, Alhamis nake so in kai Maigatari, kuma direban da nake kira ya jiyo min farashi tun jiya wayarsa a kashe.

Naku,
Wani manomin riɗi daga yankin Gumel, jihar Jigawa