Wasiƙa daga Afirka ta Kudu bayan tseren Cape Epic

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Saƙonka na tambayar ko zan zo gida bikin ƙanwarka ya same ni ina tsakiyar shirin tseren nan da na daɗe ina damun ka da zancensa, shi ya sa ka ji ni shiru. To, alhamdu lillahi, mun kammala Cape Epic, tseren kekuna a kan duwatsu, ni da abokin hawana, kuma ban ga wanda ya cancanci ya fara jin labarin ba sai kai da muka koyi feda tare a kan keken Baffa.

Kwana takwas ake yi a watan Maris, a duwatsun lardin Western Cape: ranar farko gajeren tsere ne na tantance jerin tashi, sannan zango bakwai su biyo baya. Hanyar tana sauyawa kowace shekara, amma tsawonta yakan kai kilomita 600 zuwa 700, hawan da ke cikinta kuwa idan aka tara shi yakan kusan mita 15,000 ko ya zarce. Kevin Vermaak ne ya kafa tseren a 2004, kuma abin da ya fi burge ni shi ne cewa hanyar da ƙwararru ke bi, irin su Christoph Sauser ɗan Suwizalan da ya lashe shi sau biyar, ita ce dai muke bi mu 'yan sha'awa, sai dai su sun yi wanka sun ci abinci mu muna can muna fama da rana.

Amma abin da nake son ka fahimta shi ne dokar mutum biyu. Ba a shiga tseren nan a ɗaiɗaiku, kuma ba a yarda tazarar da ke tsakaninka da abokinka ta wuce minti biyu ba. Ƙarfinka ba ya amfana maka komai idan shi ya gaza. Kowane zango yana da iyakar lokaci, wanda ya wuce ta sai a sauya masa lambar kekensa da shuɗiya, ya ci gaba da tafiya amma ba za a lissafa shi cikin waɗanda suka kammala ba. Wannan shuɗiyar lambar ita ce ta hana ni barci tun daga tsakiyar mako.

A zango mafi tsawo cikin abokina ya ɓaci tun da asuba, duk abin da ya sa a baki sai ya dawo. Zafin ranar bai kai na Sakkwato ba, amma babu inuwa ko ta ƙyalle a kan dutsen nan, sai gajerun ciyayi da farar tsakuwa mai zamewa a ƙarƙashin taya. Na ga gishirin gumi ya bushe fari fat a kafaɗun rigarsa, leɓɓansa sun tsage, ya sauko zuwa giyar ƙarshe amma ƙafarsa na juya feda da ƙyar. Na karɓi gorarsa da kayan gyaransa na ƙara a aljihuna, na dafa bayansa da hannu ɗaya ina tura shi a duk inda hanya ta yi faɗi. A wurin shan ruwa na ƙarshe ya zauna a ƙasa ya ce in tafi in bar shi, tunda doka ta ba ni damar ƙarasawa ni kaɗai idan shi ya janye. Ban amsa masa ba. Na jiƙa masa kai, na ba shi dafaffen dankali da gishiri kaɗan-kaɗan har cikin ya karɓa, muka tashi. Mun tsallake layi lokaci bai cika ba, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin wata nasara kamar wannan ba.

Washegari shi ne ya tsaya ya haɗa mini sarƙa da ta tsinke a gangara, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, ni kuwa yatsuna sun sandare saboda matsa birki. Da dare a tanti muke kwana, ga layin masu jinyar gogar sirdi a ƙofar asibitin sansani, ga makanikai suna wanke kekuna har tsakar dare. Kai da kake kukan ciwon baya daga Kano zuwa Zariya a cikin mota, da ka ga wannan layin da ka daina.

Mutanen ƙasar nan har yanzu suna ambaton Burry Stander, ɗansu da ya ci tseren tare da Sauser a 2011 da 2012, wanda mota ta kaɗe shi yana atisaye a farkon 2013. Na tuna da shi sosai, domin na san yadda kake fita da keke a kan babban titi da asuba. Don Allah ka sayi hular kwano da fitilar baya, kada ka ce sai an kwana biyu.

Abokina ya riga ya fara maganar baɗi, ni kuma na ce masa sai na yi shawara da mai ɗakina. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata addu'arta ta iso.

Naka har kullum,
Amininka