Sanarwa: Zaman tantance tsofaffin littattafan koyon karatu

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Za mu haɗu ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar, a inda muka saba, don mu tantance littattafan firamare da muka tara, irin su Ka Koyi Karatu, tun damina ba ta kankama ba. Kowa ya zo da nasa, da naira 2,000 kuɗin ambulan.

Kafin nan a duba bangon kowane littafi, a rubuto maɗaba'a da farashi. Wanda aka sa wa farashi da sule ya girmi naira, wadda ta fito a 1973. Mai tambarin NORLA, wato tsohuwar hukumar wallafa littattafai ta Jihar Arewa, na shekarun 1950 ne, na NNPC kuwa, wato kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya, daga 1966 ne zuwa sama.

Don Allah kada a liƙa salatif a shafin da ya yage. Gam ɗinsa yakan rine takarda, ya bar tabon da ba ya fita. Wayar tsakiya in ta yi tsatsa a ƙyale ta, tare za mu cire mu ɗinke da zare. Rubutun fensir na yara ma kada a goge, shi ne shaidar an karanta littafin.

A ajiye su kan kanta, nesa da bango saboda gara, kuma ban da leda, tana riƙe danshi.

Allah ya kai mu lafiya.

Sakataren rukuni