Edita, wai ina sunan makaɗin?

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ɗan ƙorafi ne da ni a kan shafin nishaɗi, kuma gaskiya ba ku kaɗai ba ne, kusan duk jaridu da gidajen rediyonmu haka suke. In sabuwar waƙa ta fito sai a ce wane ya saki waƙa, a buga hotonsa ƙato, a yi hira da shi, amma bawan Allahn da ya kwana a sitidiyo gaban fiyano da kwamfuta yana haɗa kiɗan ko sunansa ba za ka gani ba sai fa in mawaƙin ya ga dama ya ambace shi a ƙarshen waƙa cikin jerin mutanen da yake gaisarwa. Dan Allah ku riƙa rubuta mana wanda ya yi kiɗan, da zabiyar da ta yi amshi, layi ɗaya ne kawai ba zai cinye muku shafi ba.

Abin da yasa nake wannan maganar, akwai wani albam na 'yan Ingila da aka juya lamarin gaba ɗaya, makaɗa ne masu gida, mawaƙa kuma baƙi ne da aka gayyato. Sunansa Mezzanine, na ƙungiyar Massive Attack ta garin Bristol, ya fito a watan Afrilun 1998 kuma ya hau lamba ɗaya a jerin albam da aka fi saya a Birtaniya. Su uku ne a lokacin, Robert Del Naja da ake kira 3D, da Grant Marshall wato Daddy G, sai Andrew Vowles mai laƙabin Mushroom. Asalinsu daga wata tawagar masu juya faifai a wajen casu suka fito, Wild Bunch, tun shekarun 1980. Biyu daga cikinsu suna ɗan taɓa rap, ƙasa-ƙasa kamar masu raɗa, amma duk inda waƙa take buƙatar murya ta gaske sai su nemo mai ita.

To duba mutanen da suka ɗauko. Horace Andy, mawaƙin rege ɗan Jamaika haifaffen 1951, wanda ya yi suna tun a kamfanin faifai na Studio One da ke birnin Kingston. Muryarsa siririya ce tana rawa-rawa, wallahi in ba a faɗa maka ba za ka rantse mace ce. Shi ya buɗe albam ɗin da waƙar Angel, wadda aka gina a kan wata tsohuwar waƙarsa ta soyayya, amma da suka gama da ita soyayyar ta koma abin tsoro, bes, wato sautin nan mai kauri, yana ta gurnani a ƙasa a hankali a hankali har jita ta zo ta fashe a kai. Baitukansa ne dai na da, kuma shi ɗin ne yake rerawa, kiɗa kawai aka canja ma'anar ta canja, yanzu fisabilillahi wa zai ce makaɗi ɗan rakiya ne? Kuma wannan dattijon baƙo ne da ya zama ɗan gida, duk albam biyar ɗin da suka yi daga Blue Lines na 1991 har Heligoland na 2010 babu wanda babu muryarsa.

Sai Elizabeth Fraser 'yar Sikotland, ta ƙungiyar Cocteau Twins, da ta rera guda uku, cikinsu har da Teardrop wadda ita ce ta fi shahara. Duk wanda ya kalli shirin likitan nan House mai yiwuwa ya ji kiɗanta, da shi aka riƙa buɗe shirin a Amurka. A nan ma akwai labari, Mushroom shi Madonna yaso ta hau kiɗan har an tura mata, sauran biyun suka ce a'a Fraser suke so, aka yi biyu da ɗaya suka kayar da shi. Ni dai a ganina sun yi daidai, da Madonna ce ta rera da yanzu waƙar Madonna ake ce mata, an manta da masu ita. Fraser ita ta rubuta baitukanta kuma an saka sunanta cikin marubutan waƙar, ka ga kenan duk lokacin da aka yi amfani da ita tana da kasonta, ba a sallame ta da kuɗin mota an ce sai wani jiƙon ba. Akwai kuma Sara Jay da ta yi Dissolved Girl, ita ba a santa sosai ba a lokacin amma sunanta na nan a rubuce.

Ba wai ina cewa komai lafiya lau ya tafi ba fa. Del Naja tun yana yaro yake son kiɗan punk, shi ya dage sai an cika albam ɗin da jita mai ƙara, Angelo Bruschini ne ya kaɗa ta, shi kuma Mushroom hankalinsa na kan hip hop da soul irin na albam ɗinsu na baya, abin ya kai ga ba sa son haɗuwa a sitidiyo, furodusan da suka yi aikin da shi Neil Davidge sai ya zauna da wannan, in ya fita wancan ya shigo a canja abin da aka yi. A 1999 Mushroom ya bar ƙungiyar. Kuma sun taɓa kayan mutane, a waƙar Black Milk sun yanko wani ɓangare na kiɗan wani makaɗi mai suna Manfred Mann ba tare da izini ba, magana ta kai ga ƙara sai da aka sasanta. Ka ga su ma makaɗan ba waliyyai ba ne, amma ko rigimar tasu a kan kiɗa ake yinta, wa ya yi me, wa ke da haƙƙin me, kuma 'yan jaridarsu sun bi diddigi sun rubuta shi yasa har ni da nake nan na san sunan wanda ya riƙe jita.

Wanda zai nema ya saurara, waƙoƙi 11 ne, bangon albam ɗin hoton wani baƙin ƙwaro ne mai ƙaho. Kar a ji shi da lasifikar waya don bes ɗin gaba ɗaya ɓacewa yake, a samu iyafis mai kyau ko sifika babba. Kuma ba kiɗan biki ba ne, mai neman na rawa ya haƙura, a hankali yake tafiya kuma wasu waƙoƙin sun haura minti shida.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai karatu daga Zariya