Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya na Kamaru kan masu ciwon daji da ake turawa asibitocin kuɗi

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto maka daga Garwa a kan wata 'yar takarda da likitoci ke miƙa wa masu ciwon daji a asibitocin gwamnati, wadda ke nuna cewa maganin da ya dace da majinyaci babu shi a nan, sai ya nemi asibitin kuɗi a ɗaura masa. Na karɓi irin wannan takarda da hannuna, domin yayata, uwar 'ya'ya biyar, tana jinyar kansar mama, kuma ni ne mai kai ta da dawo da ita.

Bayan an yi mata aiki, gwajin da aka yi wa ƙarin da aka cire ya nuna cewa ciwonta irin wanda likitoci ke kira HER2 ne, mai saurin yaɗuwa. Likitan ya zaunar da mu ya ce akwai magani mai suna trastuzumab, wanda ake bayarwa ta ƙarin ruwa duk mako uku har tsawon shekara guda, kuma yana rage haɗarin dawowar ciwon sosai. Sannan ya ce asibitinsu ba shi da shi, gwamnati ba ta biyansa, amma akwai asibitin kuɗi da ke ɗaurawa. Ban ga laifin wannan likita ba. Na san akwai masu ganin cewa tausayi shi ne a yi wa talaka shiru game da maganin da ya fi ƙarfinsa, don kada a ɗora masa baƙin ciki a kan ciwo, amma ni ban yarda da wannan ba. Ran na yayata ne, dukiyar ta danginta ce, kuma mu ne ya kamata mu yanke ko za mu sayar da shanu da fili ko za mu haƙura. Mun zaɓi sayarwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ranka ya daɗe, shi ne abin da ke faruwa bayan majinyaci ya fita da wannan takarda, domin daga bakin ƙofar nan kamar hukuma ta sallame shi ne gaba ɗaya. A wurin da aka tura mu, da baki aka faɗa mana farashi, kuma ba a ba mu jimillar abin da shekarar za ta ci ba, sai kuɗin zuwa ɗaya, wanda daga baya ya ƙaru ba tare da bayani ba. Iyalin da suka fara irin wannan jinya ba su san ƙarshen kuɗinta ba sukan tsaya a tsakiya, sun rasa dukiya kuma ba su kammala magani ba. Wannan magani yana iya raunana zuciya, shi ya sa ake auna bugunta da ƙarfinta kafin a fara da kuma lokaci-lokaci, amma sai da na tambaya da kaina kafin a tura mu gwajin. Wani dare zazzaɓi ya rufe yayata, muka garzaya da ita asibitin gwamnati mafi kusa, likitan da ke bakin aiki ya tambayi abin da aka ɗaura mata da adadinsa, sai ya zama babu ko layi ɗaya a katinta, saboda asibitin da ya tura mu da wanda ya karɓe mu ba sa musayar bayani.

Ga kuma batun sanyi. Dole ne a ajiye wannan magani a firji, tsakanin digiri 2 da 8, alhali zafin Garwa yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, wutar lantarki kuma tana ɗaukewa. Sau ɗaya an ce mu sayo maganin da kanmu, na ɗauko shi cikin kula da ƙanƙara, ina tafe ina addu'a kada ya lalace. Har yau ba ni da hanyar tabbatar da cewa abin da ya shiga jikinta yana da ƙarfinsa, ko ma na gaskiya ne.

Akwai maganar da mutane ke yi a zaure da ɗakin jira, wadda ya kamata ta iso kunnenka. Da yawa daga cikin likitocinmu suna aikin gwamnati da safe, da yamma kuma suna asibitocin kuɗi, don haka idan aka tura majinyaci wani wuri takamaimai, zuciyarsa takan raya masa cewa akwai la'ada a ciki. Ba na zargin kowa, kuma ƙa'idar aikin likita ta haramta karɓar kamasho a kan majinyaci. Sai dai zato kaɗai ya isa ya mayar da mace gida ta koma ga jiƙe-jiƙe har ciwon ya fashe. Da ma'aikatarka, tare da ƙungiyar likitoci ta ƙasa, za ta wajabta wa duk mai tura majinyaci ya bayyana a rubuce ko yana da hannu a wurin da ya tura shi, ya kuma ambaci wuri fiye da ɗaya inda akwai, da likitan kirki ya huta da zargi, mu ma mun samu natsuwa. Haka nan ina roƙo kada a bar kowane asibitin kuɗi ya ɗaura maganin ciwon daji sai an duba firjinsa, da inda yake sayo magani, da ƙwarewar ma'aikatan jinyarsa, sannan a tilasta masa ya ba iyali farashin jinyar gaba ɗaya a rubuce kafin allura ta farko, ya kuma mayar wa likitan da ya turo majinyaci rahoton kowane zuwa.

Wannan duk rage raɗaɗi ne, domin asalin matsalar ita ce rashin maganin a asibitin gwamnati. Mun shaida abin da shirin inshorar lafiya ta kowa da kowa, wato CSU, ya yi tun da aka ƙaddamar da shi a Mandjou a watan Afrilun 2023, inda wankin ƙoda ya koma sefa 15,000 a shekara. Kafin nan ma, matanmu na Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa sun ci moriyar takardar kula da mai ciki da haihuwa ta sefa 6,000. Amma maganin ciwon daji bai shiga kashin farko na shirin ba, ga shi kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan mutum dubu 20 ne ke kamuwa da ciwon daji a Kamaru duk shekara, kansar mama da ta bakin mahaifa suna kan gaba. Tun 2015 hukumar ta sanya trastuzumab cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su ba, a 2019 kuma ta amince da makwafinsa mai rahusa. Idan CENAME, hukumar da ke sayo wa asibitocin gwamnati magani, ta saye shi da yawa lokaci guda ta raba wa manyan asibitocin Garwa da Marwa da Ngaundere, farashin ba zai yi kama da wanda iyali ɗaya ke biya kwalba-kwalba ba.

Mu mutanen arewa nauyinmu biyu ne, saboda an shafe shekaru wanda aka rubuta wa gashi da na'ura, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sai ya kama hanyar kudu, ya kwana a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, wani ma ya zarce Duwala, ya nemi masauki da abinci na makonni kafin a zo ga kuɗin magani.

Yayata ta karɓi ƙarin ruwa na shida, sauran sun fi waɗanda aka yi yawa, kuma filin da muka gada ya riga ya tafi. Ina roƙon ma'aikatarka ta fito ta faɗa mana ko maganin ciwon daji zai shiga kashi na gaba na CSU, da lokacin da za a yi hakan, domin mu san abin da za mu gaya wa dangi idan muka sake zaman neman kuɗin zuwa na bakwai.

Allah ya taimake ka a kan wannan aiki.

Naka cikin girmamawa,
Ƙanen wata majinyaciya, Garwa