Appetizer daban, snack daban: gyara ga masu fassara da masu girkin taro

Assalamu alaikum, Edita.

Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan kalmomin Turanci guda biyu, appetizer da snack, waɗanda ake yawan fassara su duka da "kayan maƙulashe". Wannan kuskure ne, kuma yana janyo wa masu girkin biki da taro asara.

Appetizer ta samo asali ne daga appetite, wato sha'awar cin abinci. Ɗan abin da ake kawowa ne kafin babban abinci domin ya buɗe ciki, kamar ƙaramin kwanon farfesu ko samosa biyu. Turawan Ingila sun fi kiransa starter. Shi kuwa snack ba ya jiran wani abinci a bayansa. Abin taɓawa ne tsakanin kalaci da abincin rana, ko da la'asar: gyaɗa, ƙuli-ƙuli, cincin, gugguru, alkaki.

Abin da ya raba su shi ne lokaci da manufa. Samosar da aka ajiye a teburi kafin shinkafa appetizer ce. Ita ɗin dai idan aka saya a tasha aka ci a mota, ta zama snack. Kalmar small chops da muke amfani da ita a Nijeriya ta haɗa su biyun, ina ganin daga nan ruɗanin ya ƙaru.

A wajen lissafi ne matsalar take fitowa fili. Idan abinci na biye, guda biyu zuwa uku sun ishi mutum ɗaya, wato kamar 300 ga baƙi 100, a kawo su minti 15 zuwa 20 kafin abincin. Idan kuwa taron bita ne da hutun shayi kawai, sai a ba kowa biyar ko shida, kusan ninki. Mai girkin da ta ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan, ko dai ta bar baƙi da yunwa, ko ta cika musu ciki su bar shinkafar da aka kashe wa kuɗi a faranti.

Sannan a kula da irin abin. Fanke da cincin suna da fulawa da mai da sukari, su kuwa suna kashe sha'awar ci, don haka ba su dace a buɗe da su ba. Abu mai ɗan yaji ko ɗan tsami, marar nauyi, shi ya fi. Soyayye kuma a miƙa shi da zafinsa, in ya huce a rufe tururi ya sa ya yi laushi.

Shawarata ga masu fassara ita ce su ce "abin buɗe ciki" ga appetizer, su bar "abin taɓawa" ko "kayan ƙwalama" ga snack.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga mai karanta jaridarku a Kano.