Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Majalisar Ikilisiyoyin Fentikos da Karismatik ta Ghana

Ranka ya daɗe, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ni Kirista ne mazaunin Nima, a nan Accra. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ghana a majami'un Fentikos da Karismatik suke sujada. Shi ya sa na kawo kukana ƙofarka.

Koyarwar da ke cewa mai bangaskiya ba ya talauci, ba ya ciwo, ta taso daga Amurka ta bakin su Oral Roberts da Kenneth Hagin, ta kafu a nan bayan wa'azin Benson Idahosa, wani fasto ɗan Najeriya, a ƙarshen shekarun 1970. Ba na musun cewa ta ba mutane da yawa ƙarfin zuciyar neman na kansu. Amma ka zo zango ka ga yadda ake sayar da ita yanzu.

Wata 'yar'uwa mai sayar da koko ta kwashe kuɗin adashinta ta sa a ambulan, wai iri ne za ta shuka. Aka ba ta kwalbar mai, aka ce ta ajiye ƙwayoyin hawan jininta, domin shan magani alamar shakka ce. Da ta faɗi, maƙwabtanta Musulmi ne suka ɗauke ta zuwa asibiti. Abin da ya fi ci mini rai, har yau tana kuka tana cewa bangaskiyarta ce ta gaza.

A wace aya aka samo wannan? Bulus ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas. Luka likita ne. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don sayen baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa ƙwarai. A garin Akropong na nan Ghana ma, a 2008 da 2009, malaman tauhidi na Lausanne, wata ƙungiyar masu bishara ta duniya, sun zauna kan wannan koyarwa, suka ce ta saɓa wa bishara.

Baba, roƙona ke nan: ku fitar da sanarwa a karanta a kowace majami'arku, da Twi da Ga da Hausa, cewa babu faston da ke da ikon hana majiyyaci shan magani ko sa wa addu'a farashi. Wanda ya ƙi ji, ku cire sunansa daga majalisarku, ku faɗa a rediyo, domin a rediyon yake tallarsa.

Naka cikin Almasihu,
Wani ɗan ikilisiya daga Nima